Na ce na yafe masa, to ina da bakin tambayar kuɗina?

Rifkatu:
Salama gare ku 'yan'uwa. Akwai wata magana da ta daɗe tana damuna. Wani ɗan'uwa da muke sujada tare ya zo mini cikin matsala, ya roƙi in ranta masa kuɗi, ya ce ba zai daɗe ba zai mayar. Kuɗin na makarantar yara ne da nake tarawa. Na ba shi, ba takarda ba shaida. Lokacin da ya ɗiba ya zo ya wuce, ya ɗibi wani shi ma ya wuce. Da farko yakan ce in ƙara haƙuri, yanzu ko wayata ba ya ɗauka. Amma duk Lahadi yana gaba yana jan waƙa, har kwanan baya ya tashi ya ba da shaida cewa Ubangiji ya buɗe masa hanya a sana'arsa. Na durƙusa na yi addu'a, na ce na yafe masa. To in na yafe da gaske, ina da bakin sake tambayar kuɗin? Ko tambayar tana nuna yafewar tawa a baki ta tsaya? Don Allah kada kowa ya biyo ni ta gefe yana tambayar wane ne, ba tonon asiri ya kawo ni ba.

Dauda:
Yaya Rifkatu, ki je ki karɓi kuɗinki. Zabura 37:21 ta riga ta raɗa wa mai cin bashi ya ƙi biya suna, ta ce mugu ne. Ba ni na faɗa ba.

Mama Hannatu:
Dauda, ka karanta rabin aya ka rufe littafi. Ƙarshenta ai cewa ta yi adali mai alheri ne, mai bayarwa. 'Yata Rifkatu, ni abin da na sani shi ne maganar Ubangiji a Luka 6:34-35. Ya ce in muna ba da rance ga waɗanda muke sa ran za su biya kaɗai, me muka fi masu zunubi da shi? Su ma haka suke yi. Ki bar wa Allah. Wanda ya ba ki na farko bai talauce ba.

Dauda:
Mama, in haka ne gobe ni ma zan zo gidanki rance, tunda na ji ba a biya.

Mama Hannatu:
Ka zo, za ka tarar da ni. Mara kunya.

Baba Ayuba:
'Yata, kin yi kyau da kika ɓoye sunansa. Tambayarki ta haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai abin da ke cikin zuciyarki game da shi, akwai kuma alkawarin da ya yi da bakinsa. Yafewa tana cire miki neman ramuwa da fatan ya wulaƙanta. Ba ta mayar da alkawarin da aka karya ya zama ba a yi shi ba.

Ki buɗe Matiyu 18 ki karanta surar duka, kada ki tsinci aya. Misalin bawan nan marar tausayi yana ƙarshenta. Sarki yana binsa talanti 10,000, shi kuma yana bin abokin bautarsa dinari 100. Dinari ɗaya shi ne ladan ƙwadagon yini, kamar yadda muka gani a Matiyu 20:2, talanti ɗaya kuwa ya kai wajen dinari 6,000. Ke nan bashin da aka yafe masa ya kai dinari miliyan 60, abin da ko ya shekara dubu yana aiki ba zai biya ba. Amma ki lura, dinari 100 ɗin ma ba wasa ba ne, ladan aikin fiye da wata uku ne. Yesu bai ce abin da ake bin mutum ƙaramin abu ne da bai kamata ya ji ciwonsa ba. Me bawan ya yi? Ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa, mutumin ya faɗi yana roƙon a yi masa haƙuri zai biya, shi kuwa ya jefa shi kurkuku.

A cikin surar nan dai, kafin a zo kan misalin, aya 15 ta ce in ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka je ka same shi, kai da shi kaɗai, in ya saurare ka ka maido da ɗan'uwanka ke nan. Bakin da ya ce wa Bitrus ya yi ta yafewa ba lissafi, shi ne ya ce a je a yi magana. Don haka zuwa wurinsa ba warware gafara ba ne.

Saratu:
Baba, a yi mini haƙuri, amma ina ganin an sassauta misalin. Sarkin ba cewa ya yi "na daina fushi, amma ka riƙa biya kaɗan-kaɗan" ba. Aya 27 ta ce ya sake shi, ya yafe masa bashin ɗungum. Da ya kira shi daga baya kuma, abin da ya tuhume shi da shi shi ne bai ji tausayin ɗan'uwansa yadda aka ji nasa ba. Ina tsoron yadda muke raba "zuciya" da "aljihu", don rabon yana yi mana daɗi ƙwarai. Sai mu yafe a inda ba ya cin mana komai. Ku tuna mutumin da ya ce wa Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gādo da shi a Luka 12. Wataƙila ma yana da gaskiya, amma Yesu ya ƙi zama alƙalinsu, ya juya yana gargaɗi a kan kwaɗayi.

Baba Ayuba:
Saratu, maganarki tana da nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Akwai lokacin da bin Almasihu yake nufin ka yafe kuɗin kansa, ka ji zafinsa, ka yi shiru har abada. Amma ki duba wa aka yafe wa a misalin: wanda ba shi da abin biya, ya kuma faɗi ƙasa ya amsa cewa ana binsa. Wanda Rifkatu take magana a kai bai ce ba shi da shi ba. Ya tsaya gaban jama'a ya ce hanya ta buɗe, sannan ya ƙi ɗaukar waya. Karin Magana 3:28 ta hana ka ce wa maƙwabcinka ya je ya dawo gobe alhali abin yana hannunka.

Shari'ar Musa ma ta riƙe bangarorin biyu. Maimaitawar Shari'a 15 ta sa a yafe basussuka duk shekara bakwai, har ta gargaɗi mai hali kada ya ƙi ba da rance don shekarar yafewa ta matso. Sura 24 kuma ta yarda a karɓi jingina, amma ta ce mai bin bashi ya tsaya a waje, kada ya kutsa gidan mutum, in mayafin matalauci ne ya mayar kafin rana ta faɗi. Wato ana bin bashi, amma ba a cin mutuncin wanda ake bi. Da Elisha ya taimaki gwauruwar nan da mai ya yi ta zuba a 2 Sarakuna 4, bayan man ya tsaya, abin da ya ce mata shi ne ta sayar ta biya bashinta, sannan su rayu da sauran.

Nuhu:
Yaya Rifkatu, ni wata tambaya zan yi miki, in kin ga dama ki amsa. Tun da kika ce kin yafe, kuna gaisawa? In yana jan waƙa, bakinki yana iya bi?

Rifkatu:
Nuhu, ka taɓa inda yake ciwo. Ba ma gaisawa. In an tashi yakan bi ta wata ƙofa, ni ma na sauya wurin zama. In ya ɗauki waƙa sai in ji maƙogwarona ya toshe. Ranar Jibin Ubangiji ta fi kowace wuya, don ina ganinsa a layi ɗaya da ni. Yaran kuma an matsa mana a makaranta, sai da na nemi rance a wani wuri na cike. Yanzu ni ma ana bina saboda shi.

Nuhu:
To kin gani. Shirun bai kawo salama ba, ya dai hana mutane ji. Ni a ganina mu masu bi muna yawan kiran gudun magana da sunan haƙuri. Ba ma son a ce wance ta cika son kuɗi, sai mu haɗiye, abin ya yi ta ruɓewa a ciki, mu kuma ci gaba da ce wa juna "salama" a bakin ƙofa. Afisawa 4 ta ce kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa gaskiya, kada kuma rana ta faɗi kuna kan fushi. Ku naku ranaku nawa suka faɗi?

Mama Hannatu:
Ban san kin ci bashi a kai ba 'yata. Wannan ya sauya magana kaɗan. Haƙƙin yara ba naki ba ne ke kaɗai da za ki yi kyauta da shi.

Irimiya:
Bari in kawo wani abu daga tarihi, don ya daɗe yana ba ni kunya. Wajen shekara ta 112, wani gwamnan Romawa mai suna Filini yana mulkin Bitiniya, yankin da yake arewacin Turkiyya ta yau, wanda Bitrus ya ambata a farkon wasiƙarsa ta fari. Ya rubuta wa sarki Tirajan yana neman shawarar yadda zai yi da Kiristocin da ake kawo masa ƙara. Ba mai bi ba ne, har ya sa an kashe waɗanda suka ƙi musun bangaskiyarsu. A cikin bincikensa aka gaya masa abin da suke yi: suna taruwa a wata rana kafin gari ya waye, su rera waƙa ga Almasihu kamar ga Allah, sannan su ɗaure kansu da rantsuwa cewa ba za su yi sata ba, ba fashi, ba zina, ba za su saɓa alkawari ba, kuma in an nemi ajiyar da aka ba su ba za su musa ba.

Ku duba yadda waƙa da mayar da ajiya suka zo a sujada ɗaya. Mutanen da za a iya kashewa saboda taron, abin da suka ga ya isa a yi alkawari a kai da asuba shi ne kayan mutane. Daga baya ma, a taron Nikiya na shekara ta 325, cikin dokokin da aka kafa har da wadda ta ce a sauke ma'aikacin ikkilisiya da aka kama yana ba da rance da ruwa. Ba su ɗauki harkar kuɗi a matsayin abin da ke wajen bangaskiya ba. Mu ne muka mai da ita "maganar duniya" da ba a kawowa coci sai lokacin baiko.

Dauda:
Shi ya sa nake cewa a sauke shi daga jan waƙa. In ya ƙi kuma, akwai hukuma.

Saratu:
Dauda, kai kullum daga aya ta ƙarshe kake farawa. Ba a ma je wurinsa ba tukuna. Maganar hukuma kuwa, 1 Korantiyawa 6 tana nan: Bulus ya ce kai ƙarar juna gaban marasa bi faɗuwa ce tun kafin a yanke hukunci, ya tambaya me zai hana a haƙura a cuce ka. Amma abin da ba a cika karantawa ba shi ne aya 5 da aya 8. A ta 5 ya ce don ya kunyata su yake faɗa, ashe ba ko mai hikima ɗaya a cikinsu da zai iya sasanta 'yan'uwa? A ta 8 ya juya kan masu cutar, ya ce ku da kanku kuke zalunci, kuma 'yan'uwanku kuke yi wa. Ke nan bai bar wanda aka cuta shi kaɗai da "yi haƙuri" ba.

Baba Ayuba, a gafarce ni, amma wannan laifin dattawa ne sau da yawa. In an kawo irin wannan ƙara, wanda aka cuta ake lallashi, don shi ne mai sauƙin lallashi. Mai laifin in yana da murya ko yana da hannu a baiko, sai a ce kada a ta da ƙura.

Baba Ayuba:
Ba zan kāre mu ba, ana yin haka. Nehemiya bai yi haka ba. A sura 5, da talakawa suka yi kuka cewa 'yan'uwansu sun karɓe gonakinsu da gidajensu a kan bashi, har 'ya'yansu suna shiga bauta, ya tara manyan ya faɗa musu a fuska, ya sa suka mayar, ya kira firistoci aka rantsar da su. A can masu bin bashi ne azzalumai, a nan wanda ake bi ne, amma aikin shugaba bai sauya ba. Sai dai, Dauda, sauke mutum ba shi ne farkon magani ba. Galatiyawa 6:1 ta ce a maido da wanda ya faɗi cikin tawali'u, kana lura da kanka.

Wani ɗan'uwa (ya ɓoye suna):
Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba. Ni ina ɗaya bangaren, ana bina bashi yanzu haka, kuma ba ni ne mutumin Rifkatu ba, kada a fara lissafi. Ina so ku san abin da ke faruwa a cikin wanda ya daina ɗaukar waya. Ba kullum rashin tsoron Allah ba ne. Ka yi alkawarin rana, ranar ta zo ba ka da shi. Ka sake yin wani don kunya, kana sane ba za ka iya cikawa ba. Bayan na uku ba ka da sauran kalmar da za ka faɗa, sai wayar ta zama abin tsoro. In kuɗi kaɗan ya shigo, sai ka ce wannan bai kai a kai masa ba, bari ya taru, kafin ya taru wata buƙata ta cinye. Shaidar da kuka ji ya bayar ma, mai yiwuwa ƙofa ce ƙarama ta buɗe ya kambama ta don a daina yi masa kallon wanda ya karye. Ba ina wanke shi ba ne. Amma da wanda yake bina zai zo ya zauna ya ce "gaya mini gaskiyar halin da kake ciki, nawa za ka iya a wata", da ya sauke mini kaya. Ni na kasa zuwa.

Mama Hannatu:
Allah ya buɗa maka, ɗana. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Dauda:
Na ji tausayinka, ɗan'uwa, da gaske. Amma me ya sa wanda aka cuta ne zai sake ɗaukar wahalar zuwa? Ƙafarka lafiya take.

Nuhu:
Dauda bai yi ƙarya ba a nan. Matiyu 5:23-24 da kai take, ɗan'uwa mai ɓoye suna: in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Sura 18 kuma ta tura wanda aka yi wa laifi. An aiki kowannenku wurin ɗayan, ba wanda aka ce ya zauna ya jira. Zakka ma ba a aika masa dattawa ba, shi ya tashi ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya cuta.

Rifkatu:
Na gode muku duka. Ɗan'uwa mai ɓoye suna, ban taɓa tunanin abin ta wannan fuskar ba. Zan neme shi ido da ido, ba ta waya ba. Saratu, maganarki ma ban yar ba, in na tarar da gaske ba shi da shi, zan san abin da ke gabana.

Irimiya:
Duk abin da kuka shirya, ku rubuta shi, ku sa hannu, da mutum ɗaya a wurin.

Mama Hannatu:
Kai Irimiya, takarda tsakanin 'yan'uwa? Ashe "i" ɗinmu ba ta isa "i" ba ke nan. Ubangiji ya ce maganarmu ta tsaya a i ko a'a.

Irimiya:
Mama, Bulus ya fi mu riƙon alkawari, amma da ya ɗauki nauyin bashin Unisimas, bawan Filimon, sai ya ce wa Filimon ga shi ya rubuta da hannunsa, shi zai biya. Wasiƙar Filimon, aya 18 da 19. Takarda ba zargi ba ce. Bayan wata shida kowa yakan tuna abin da ya fi yi masa daɗi, kuma in ɗaya ya rasu iyalinsa ba su da abin dubawa.

Saratu:
Tunda ka kawo Filimon, akwai abin da duk muka tsallake. Bulus bai tsaya ba da shawara ba, ya ce a ɗora bashin a kansa. Mu nan mun cika wuri da ayoyi, 'yar'uwarmu kuwa tana biyan rancen da ta ci don yara. Akwai wanda zai ɗauke mata wani abu daga ciki? Dauda, kai da ka fi kowa zafi, ina ka shiga?

Dauda:
Ina nan. Wata bai ƙare ba ne. Amma ki sa sunana, ba da wasa nake ba.

Wani ɗan'uwa (ya ɓoye suna):
Baba Ayuba, abin da ke hannuna yanzu bai kai kashi ɗaya cikin goma na bashin ba. In kai shi haka, ko in jira ya ɗan yi kauri?

Baba Ayuba:
Ka kai shi haka, cikin makon nan. Ka faɗi abin da ya faru ba ƙari ba ragi, kada ka sa masa ranar da ka san ba za ka cika ba, ko da zai ɓata rai. In kana jin nauyin zuwa kai kaɗai, ka nemi wani dattijo da kuke girmamawa ku biyu ya raka ka.

Mama Hannatu:
Ni dai har yanzu maganar takardar nan ba ta kwanta mini ba. Irimiya, Bulus a kurkuku yake, nesa da Filimon, dole ya rubuta. Waɗannan kuwa suna ganin juna duk Lahadi.